Kakar Riɗin da Yasir Ya Daina Barci

Da sunan Allah mai jarraba bawa, mai ɗauke masa. Sunana Zainabu, a Gadarif aka haife ni, a nan nake aure, dangar kara ce kawai ta raba gidana da na mahaifiyarmu. Labarin da zan bayar na jinyar ƙanena Yasir ne, wadda ta cinye mana kusan shekara. Sai da na nemi izininsa kafin in ɗauki alƙalami. Ya ce in rubuta komai, amma kada in faɗi yawan tuwon da yake ci yanzu, na kuma yi alkawari. Ina rubutawa ne don duk mai ƙane ko ɗa ko miji da mutane suka fara yabo fiye da kima, saboda mu ta hanyar yabo ciwon ya shigo mana.

Yasir autanmu ne, ni na goye shi. Tun yana yaro ba a san shi da komai ba sai sanyin jiki da nauyin barci. In za shi makaranta sai na ja ƙafarsa na sauko da shi daga gado, ya ƙarasa barcin a ƙasa. Magana ma sai an roƙe shi. Ya tafi Khartum koyon aikin lantarki, yaƙi ya koro shi gida da jaka ɗaya, ya zauna a rumfar tsakar gida wata da watanni yana kallon kaji. Muka ce baƙin cikin karatu ne, ai kowa ma a lokacin haka yake. Daga baya likita ta ce mana tun a nan ciwon ya yi sallama.

Da kaka ta yi, Kawu Adam, ƙanen Inna, ya zo neman hannu. Gonarsa tana wajen Simsim, yankin da ya ci sunan riɗi da Larabci, kuma a shekarar 'yan ƙwadago ba su zo kamar yadda suka saba ba. Riɗi kuwa ba shi da haƙuri. In ya nuna, 'yan kwanaki ne gare ka, in ka yi sanya kwanson ya buɗe, ƙwayar ta zube, wahalar damina ta koma ta tururuwa. Shi ya sa a lokacin yankan riɗi rashin barci ba abin magana ba ne. Ana yanka da rana, ana yanka da farin wata, wanda ya kwanta shi ake yi wa dariya. Muka tura Yasir, muna cewa ko iska ce ya sha.

Kawu ya shigo gari sayen buhuna, bakinsa har kunne.

"Ya Zainab, wallai kun ɓoye mini zol, namijin duniya! Wannan ba yaro ba ne, tarakta ce. Mutum uku ba su tara abin da yake tarawa. In an ce a huta, shi sai ya wuce layi na gaba yana waƙa."

"Waƙa, Kawu? Yasir ɗinmu?"

"Waƙa, har da wa'azi."

Muka yi ta dariya. Inna ta ɗaga hannu ta gode wa Allah da ya buɗe mata ɗanta.

Ya dawo gida a rame, idanunsa suna ƙyalli, bakinsa ba ya rufuwa. A makon farko ya gyara wayoyin wutar rabin unguwa ba wanda ya kira shi. Sai ga mutanen Madani da yaƙi ya koro sun fara kwararowa, makarantu suka cika, masallatai suka cika. Yasir ya buɗe ɗakin ajiyar Inna ya riƙa ɗaukar buhunan dawa a ka yana kai musu, har da na cin shekararmu. Liman ya ambace shi bayan sallar Juma'a, ya ce matasa su yi koyi. Ni ma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Abu ɗaya ne ya riƙa taɓa mini rai. Kullum da safe in na leƙa ɗakinsa, zanen gadon yana nan a miƙe kamar yadda na shimfiɗa shi jiya.

A wannan tsakanin aka yi shela cewa duk saurayin da hidimar soja ta hau kansa bai yi ba, ya fito. Yasir yana ciki, don karatu ne ya sa aka jinkirta masa, karatun kuma ya tsaya. Shi ne na farko a layi. Aka yi musu ɗan gwajin lafiya a filin ƙwallo na unguwa. An duba ido, an saurari ƙirji, an duba tafin ƙafa, an sa su tsalle da gudu. A nan nake da ƙorafi, kuma zan faɗe shi har in mutu: an duba wa ƙanena ƙafa, amma ba wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da barci. Da yake ya fi kowa gudu, ya fi kowa murya, sai aka sa shi gaba a atisayen safe. Kawu Adam, wanda ya taɓa yin soja a ƙuruciya, ya riƙa bin sa a kasuwa yana cewa jininsa ne.

Ana sauran 'yan kwanaki a kwashe su zuwa sansani, Yasir ya ɓata. Muka wuni nema. Da la'asar sai ga wata lori ta tsaya a bakin layinmu, direban wani Bahaushe ne mutumin Fau da ya san Kawu. Ya sauko da Yasir ba takalmi, ƙafafunsa sun fashe suna jini, shi kuwa sai dariya yake yi.

"Ya Hajja," in ji direban ga Inna, "bakin kwalta na gan shi, ya yi nisa a hanyar Fau. Ya ce mini za shi ya kashe yaƙin. Wai wayoyi ne suka haɗu ba daidai ba, shi kaɗai ya san inda zai raba su."

Yasir ya kama fuskata da hannu biyu ya ce, "Yaya, kada ki damu, aikin minti kaɗan ne." A idonsa na ga bai san ƙafarsa tana jini ba. Allah ya saka wa direban nan da alheri duk inda yake, don da ya wuce shi, gaba akwai shingayen da ba a yi wa mutum tambaya sau biyu.

Washegari gidanmu ya cika da likitocin da ba su taɓa shiga aji ba. Goggo ta ce iskokin gona ne, ya yi yanka kusa da wata tsamiya. Wata maƙwabciya ta ce 'yan ƙwadago ne suka ɗora shi kan ƙwaya. Mijina, Allah ya shirye shi, ya ce a yi masa aure. Kawu ya ɗauke shi zuwa wurin wani faki, malamin da muke zuwa wurinsa tun zamanin Baba. Tsohon ya ba da rubutun sha, ya tofa masa addu'a, ya zauna yana sauraronsa har Yasir ya gama bayanin wayoyinsa. Sannan ya ce wa Kawu, "Addu'a muna yi, ba za mu daina ba. Amma ku kai shi mustashfa, wurin likita, yau ɗin nan. Yaron nan ƙonewa yake yi." Ban taɓa son tsohon nan kamar ranar ba.

Kafin mu fita, Inna ta tara mu a ɗaki ta rage murya.

"In an tambaya, malariya ce ta hau masa kai. Kun ji ko?"

Duk muka ce mun ji. Kowa a Gadarif ya san wani da malariya ta sa shi surutai, ya warke, ya yi aure, aka manta. Ɗaya sunan kuwa, na taɓin hankali, in ya manne wa gida, har 'yan matan gidan sai ya shafa. Inna ƙauna ce ta sa ta, mu ma ƙauna ce ta sa muka amsa.

Layin asibiti kuwa sai wanda ya tsaya. Garin ya ninka kansa da baƙi, likitocin ƙwaƙwalwa kuma ba su taka kara sun karya ba. Tun hantsi muke zaune a baranda har rana ta karkata, ni da Kawu muna riƙe da rigar Yasir ta gefe biyu, shi yana ƙoƙarin tashi ya gyara musu fankar da ta mutu. Wata mai shayi a bakin ƙofa ta ga halin da nake ciki, ta kawo mini kofi ba ta tambaye ni komai ba. Har yau ban san sunanta ba.

Daktorar da muka samu ita ma 'yar gudun hijira ce daga Khartum, asibitinta yana can an bar shi, ita tana nan da silifas na roba a ɗakin da aka raba da labule. Tambayarta ta farko ita ce wadda ba wanda ya yi: "Yaushe rabonsa da barci?"

Kawu ya gyara zama. "Ai Daktora wannan ba ya barci. Tun yankan simsim. Zol ne na gaske."

Ta ajiye alƙalami ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ta yi mana bayani da Larabci mai sauƙi. Ta ce ciwo ne mai hawa da sauka, ya kai mutum sama har ya ga ba abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ya sauke shi ƙasa har ya kasa ɗaga kofi. Ta ce ba aljani ba ne, ba ragwanci ba ne, ba laifin kowa ba ne, kuma ana zama lafiya da shi in an riƙe magani. Sai ta faɗi maganar da ta zauna mini: "Ƙwayoyin nan magani na biyu ne. Na farko barci ne. Duk abin da zai raba shi da barci, zai raba shi da hankalinsa."

Aka yi masa allura, aka kwantar da shi. Ya yi barcin da ya tsorata Inna, ta riƙa kai kunne bakin hancinsa. Haka lorin farko ta kwashe samarin unguwa ba shi. Masu zuwa dubiya suka riƙa cewa Allah ya tsine wa sauro, mu muna cewa amin.

Makonnin da suka biyo baya su ne jinyar gaske. Da muka dawo gida, saukar da Daktora ta faɗa ta zo. Yasir ya daina magana, hannunsa yana rawa saboda magani, harshensa ya yi nauyi. Duk abin da ya yi a lokacin hawan ya riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kunya ta hana shi leƙa ƙofar gida. Ya tuna buhunan Inna, ya juya fuska bango. Inna ta ce masa dawa ta shiga cikin masu yunwa, ita ba ta bin sa komai, amma bai juyo ba. Ni nake dama masa kunu in ba shi da cokali, ni nake yanke masa farce, ni nake gasa masa ƙafa. Na ce masa, "Na goye ka sau ɗaya, ban san za a sake biyo ni bashin ba." Rannan ne na ga gefen bakinsa ya motsa.

Magani ma wata jinya ce. Yau akwai, gobe babu, jibi akwai amma ya yi tsadar da sai ka dafe bango. Na san ƙofar kowane kantin magani a Gadarif, na san waɗanda suke cewa babu alhali yana ƙarƙashin kanta. Akuyoyin Inna suka bi wannan hanyar. Kawu Adam, mai bakin nan, shi ya hau mota har Kasala ya samo mana a lokacin da ya yanke gaba ɗaya. Ya dawo ya ajiye ledar a gabana ya ce, "Ga maganin malariyar," bai iya kallon idona ba.

Sannu a hankali Daktora ta rage wani ta ƙara wani, rawar hannun ta lafa. Yasir ya fara cin abinci, ya fara zuwa masallaci ta bayan layi, sannan ta gaban layi. Wajen damina ya koma ɗan gyaran wuta a wani shago. Ranar da na ja ƙafarsa da safe ya ce in ƙyale shi ya ƙara kaɗan, sai da na fita tsakar gida na yi sujada.

To, a nan ƙaryarmu ta juyo ta same mu. Aka sake shela, aka kira waɗanda ba su tafi a karon farko ba, sunan Yasir a sama. Mutanen unguwa suka riƙa yi mana murna. Ai malariya ta warke, ga shi ya yi ƙiba, ga shi tun farko shi ne zakaran atisaye. Me za mu ce? Mu muka koya musu sunan.

Na ruga wurin Daktora. Ta ce ciwo irin nasa yana cikin waɗanda ake ɗage wa mutum aikin soja saboda su, kuma in kwamitin likitoci ya tambaye ta ba za ta ɓoye ba. Amma ba za su tambaya ba sai an faɗa musu, don Yasir yanzu ko ita ta gan shi a hanya ba za ta ce yana da komai ba.

"Ciwonsa ne, ya ukhti 'yar'uwata, asirinsa ne," in ji ta. "Ba yaro ba ne. Shi zai faɗa."

Shi kuwa ba shi da niyyar faɗa. Abokinsa Walid, wanda suka tashi tare tun suna wasan ƙasa, yana cikin wannan kiran. Yasir ya ce ya warke, ya ce zai ɓoye ƙwayoyin a cikin safa ya riƙa sha. Inna ta kasa cewa ya tafi, ta kasa cewa a tona, sai ta kama carbi. Ni kuwa da zafin kaina na ce wallahi zan je gaban kwamitin in ɗaga murya.

"In kika yi haka, Yaya, ba zan ƙara cin abincin hannunki ba."

Ya faɗe shi a hankali, na kuma san ba wasa yake ba. Na yi kwanaki ina hura hanci, shi ma yana hura nasa. Ana gobe gwaji, da safe na kai masa shayi na zauna a bakin gadon.

"Ba zan je ba," na ce. "Na fasa. Tambaya ɗaya zan yi maka. A sansani wa ke ba mutum barci?"

Ya ɗauki kofin shayin, na ci gaba.

"Kawu ya ce mini farkon abin da soja ke karɓewa shi ne barci. In ka yi gadi yau, ka yi gobe, maganin ya ƙare, wayoyin nan suka dawo maka, a hanyar Fau hannunka ba komai. Wannan karon da bindiga. Wa zai kasance a gefenka?"

Ya daɗe yana kallon kofin. Ya ce, "Walid."

Na ɗauki tire na fita.

Kafin in ƙarasa, ga abin da na koya, wanda zai ɗauka ya ɗauka. In mai shiru ya zama mai surutu dare ɗaya, in mai barci ya daina barci bai kuma gaji ba, kada ku tsaya tafi. Ku tambaye shi, ku kai shi. Kuma sunan da za ku ba ciwo don rufin asiri, ku tuna wata rana da shi za a yi muku hukunci.

Gwajin a barandar wata ma'aikata aka yi shi, ba ɗaki ba labule, samari a jere, kowa yana jin abin da ake tambayar na gabansa. Mu mata muna bayan shingen waya ƙarƙashin dalbejiya. Daga nan nake hango Yasir, Walid a bayansa, samarin layinmu a bayan Walid. Aka auna shi, aka saurari ƙirjinsa, likitan sojan ya ɗaga alƙalami zai sa hannu. Na rufe ido. Da na buɗe, sai na ga Yasir ya sa hannu a aljihu ya fito da katin ƙwayoyinsa ya ajiye a kan tebur.

Ban ji abin da ya ce ba, Walid ne ya gaya mini daga baya. Ya ce, "Sa'adatak, ranka ya daɗe, ba malariya na yi ba. Ciwon ƙwaƙwalwa gare ni, wannan ne maganina. Ina so in tafi, amma ku tambayi likitata." Likitan ya juya katin ya karanta, ya tambaye shi sunan Daktora, ya miƙe tsaye ya ba shi hannu. Bayan sun ji daga wurinta, aka buga masa hatimi da Larabci, gair la'iƙ, wato bai dace da aikin ba.

Ranar da lokaci ya yi na tafiyar su Walid, Yasir ya ce sai ya raka su. Ya tsaya a bakin titi cikin mutanen da yanzu duk sun sani, wasu suna kallonsa ta gefen ido, wasu suna matsawa kaɗan. Walid ya sauko daga lori ya rungume shi a gaban kowa, ya ce ya riƙa leƙa masa tsohuwarsa. Mata suka ɗauki guɗa, motar ta tashi.

Muka dawo gida. Ya zauna a rumfa ya haɗa kai da gwiwa. Ni ina gefe ina wanke kofunan da na riga na wanke. Ban taɓa farin ciki irin na ranar ba, shi kuma bai taɓa baƙin ciki irin nata ba, ga mu a tsakar gida ɗaya. Na cije leɓe, na sunkuyar da kai kada ya ga fuskata.

Can ya ɗago, idanunsa jajir, ya dube ni.

"Yaya."

"Na'am."

"Yi guɗarki. Tun a titi na ga tana cin ki."

Na ce wace guɗa, ni wanke-wanke nake yi. Ya ce, "Yi mana. Amma a hankali, gidan su Walid suna ji."

Na ja mayafi na toshe bakina da shi, na buɗe murya. Abin da ya fito ba guɗa ba ne. Ya taso ya zauna kusa da ni a ƙasa, ya karɓi kofin daga hannuna kada ya fashe.